Na sayar da babban gidana na koma mai ɗaki uku, 'yan uwa sun ce na karye

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na yi wani abu wanda har yau wasu 'yan uwana ba su daina yi mini kallon tausayi a kansa ba. Shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu tattauna, ko wani zai amfana, ko kuma a nuna mini inda na kuskure.

Na sayar da gidana na Hotoro a Kano. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina shi da albashi da adashi da bashin ofis. Ɗakuna bakwai, falo uku, banɗaki shida, ga sashen baƙi, ga ɗakin maigadi. Da muka tare a 2004 mu goma sha biyu ne, har da ƙannena biyu da nake riƙo. Ranar da na ajiye aiki bayan cika shekara 35 ina aiki, mu uku muka rage: ni da mai ɗakina da autarmu. Mata sun tafi ɗakunansu, maza kowa ya kama gabansa, ɗaya na Abuja, ɗaya na Legas, ɗaya na Kaduna.

Abin da ya farkar da ni, wata rana ce a ƙarshen damina na hau sama neman wata tsohuwar takarda. Ina tura ƙofar ɗakin samari sai wani warin ruɓa ya buge ni. Silin ya zubo a kan gado, katifa ta yi baƙi ƙirin, bango ya yi kore. Ashe tun farkon damina kwano ke yoyo, wata uku babu wanda ya leƙa ɗakin. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar. Ɗakin da na hana kaina abubuwa da yawa don in gina shi, ga shi yana ruɓewa a saman kaina ban ma sani ba.

Ga kuma kuɗin riƙe gidan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai an yi shawara. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit, mu kuma layinmu yana ciki. Famfon burtsatse, firiza biyu, fitilun katanga, albashin maigadi, mai shara. Kafin ashirin ga wata fansho ya ƙare, sai in fara kallon waya ko yara za su turo.

Na sayar. Na sayi gida mai ɗaki uku da falo ɗaya a Gwale, unguwar da aka haife ni, da tsakar gida da bishiyar darbejiya. Ragowar kuɗin na sayi shaguna biyu na zuba 'yan haya, na sa sola daidai fanka da fitila da firji ɗaya. Tun da muka dawo ban nemi ko sisi a wajen yaro ba. Amma babban yayana ya ce na zubar da girman gidanmu, wai duk gari ana cewa na karye.

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa rai aka yi wa. Ni ban ga karaya a nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ka gani da idonka.

Alhajin Kwari:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba a sayar da ƙasa a ƙasar nan. Kafin watan Yunin 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, cikin shekara guda ta haura 1,500. Duk wanda ya riƙe naira a lokacin nan ya ga yadda ta narke masa a hannu, wanda ya riƙe fili kuwa yana barci dukiyarsa na hawa. Gidan Hotoro nan da shekara biyar kuɗin da ka karɓa ba zai sayi rabinsa ba. Me ya hana ka yanka shi gida uku ka sa haya, kai ka zauna a sashen baƙi?

Baban Sadiya:
Alhajin Kwari, na gode, kuma maganarka a kan naira gaskiya ce. Shi ya sa kuɗin bai yi wata biyu a banki ba, ƙasa na sayar ƙasa na saya. Batun yankawa kuwa na kira magini ya zagaya. Gidan an zana shi ne don iyali ɗaya, matattakala a tsakiyar falo, kicin ɗaya, mita ɗaya. Kuɗin da ya yanka mini na fasa bango da sabbin kicin da raba ruwa da wuta, sai na ci bashi. Mai shekara sittin da uku ba ya son ya sake shiga bashin gini.

Injiniya Abba:
Bari in sa baki a nan tunda aikina ne. Abin da Baba ya faɗa shi nake gani kullum. Mutum ya zo da fuloti ƙafa hamsin da ɗari, ya ce a cika masa shi da gini daga katanga zuwa katanga. Ba tsakar gida, ba bishiya, taga tana kallon katangar maƙwabci da tazarar da ko akuya ba za ta wuce ba. Sai watan Afrilu ya zo, zafin Kano ya haura digiri 40, gidan ya koma tanda, dole sai na'urar sanyaya ɗaki. Ka ga tun daga zane aka ɗaura wa mai gida kuɗin wuta har ƙarshen rayuwarsa.

Ku shiga tsofaffin gidajen cikin birni ku duba. Ɗakunan ƙanana ne, domin azara ke ɗaukar rufi kuma tana da iyakar tsawon da za ta iya ɗauka. Amma bangon tubali mai kauri ne, yana riƙe sanyin dare har rana ta take. Kuma rayuwar ba a ɗaki take ba. Girki, wanki, hira, barcin bazara, duk a tsakar gida. Baƙo namiji a zaure ake ganinsa. Yalwar gidan Bahaushe a fili take, ba a yawan falo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kangwaye. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Ku bi ta Danbare ko Rijiyar Zaki ku ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a falo, mai shi kuma yana can yana biyan haya shekara da shekaru. Da ɗaki uku ya zana da tuni ya tare, ya riƙa ƙarawa a hankali in buƙata ta zo. Ina faɗa wa masu ba ni aiki haka, da yawa sai su ga kamar raina su na yi.

Hajiya Babba:
Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji. Baƙi fa? Mu ba Turawa ba ne da za a ce daga miji sai mata sai kare. Ranar Sallah 'ya'ya da jikoki su zo, ina za ka zuba su? 'Yarka ta zo wankan jego, wane ɗaki? 'Yan uwa daga ƙauye su kawo mara lafiya asibiti, gidan wa za su sauka? Babban gida ba na mai shi kaɗai ba ne, na dangi ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gidansa bai taɓa rabuwa da baƙo ba, kuma albarkar da muke ci har yau ke nan.

Baban Sadiya:
Amin, Hajiya. Wannan ita ce maganar da ta fi hana ni barci kafin in yanke shawara, don ita yayana ya riƙe. Sai na zauna na ƙirga. A shekarar ƙarshe da muka yi a Hotoro, kwanakin da baƙo ya kwana a gidan ba su kai ashirin ba. Kin san dalili? Gida ne mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi. Ɗan uwa talaka in ya zo sai an tsayar da shi a waje an shiga an tambayo. Da yawa sun daina zuwa, ni kuma ban lura ba.

Nan Gwale ƙofa a buɗe take daga asuba. 'Yar uwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya layi biyu ne tsakaninmu, da sai mu yi wata biyu ba mu haɗu ba, yanzu kusan kullum tare muke karyawa. Ƙaramar Sallah da ta wuce mutum goma sha tara suka kwana a gidan nan. Mata da yara suka cika ɗakuna, mu maza muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin gidan sauro. Jikokina ba su taɓa kwana suna kallon taurari ba sai ranar. Ɗaki na uku kuma na baƙo ne, yanzu haka akwai ɗan ƙanina a ciki da ya kawo mahaifiyarsa ganin likita.

Hajiya Babba:
To, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan na yarda. Amma kwana biyu na Sallah daban, arba'in ɗin jego daban. Allah dai ya ba da ikon riƙe zumunci.

Ɗan Kurna:
Ku yi haƙuri iyayena, amma wannan hira ta masu shi ce. Mu tara ne a ɗaki biyu, ciki da falo, banɗaki ɗaya muke rabawa da gida huɗu. Ƙannena mata sun girma, ni da ƙanina a shagon wani muke kwana. Lokacin zafi in aka ce sanƙarau ya shigo unguwa, mahaifiyarmu ba ta runtsawa. In na ji ana yabon ƙaramin gida sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ɗaki ukun da Baba ya "koma" shi ne burin da nake roƙon Allah dare da rana.

Baban Sadiya:
Ɗana, ka yi gaskiya, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. A irin gidan da ka kwatanta na tashi, mu bakwai a ɗakin mahaifiyarmu. Tsoron komawa can ne ya sa na gina abin da ya fi ƙarfina. Ban ce ƙunci alheri ba ne. Magana nake da irina, waɗanda suka tara ɗakunan da ba mai kwana a ciki alhali irinku na kwana a shago. Allah ya buɗa maka, ya ba ka naka na kanka.

Ɗan Kurna:
Amin Baba, na gode da fahimta.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Ina bin zancen tun farko, kuma ina ganin kowane ɓangare yana da abin riƙo a addini, don haka kada wani ya ɗauki nassi ɗaya ya doke ɗan uwansa da shi.

Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya ambaci abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa: mace ta gari, gida mai yalwa, maƙwabci na gari da abin hawa mai daɗi. Saboda haka yalwar gida ni'ima ce, ba laifi ba ce. Kuma an umarce mu da raba wa yara wurin kwana in sun kai shekara goma, wanda hakan ba ya yiwuwa sai da wuri. Kukan Ɗan Kurna kuka ne na shari'a.

A ɗaya gefen, Muslim ya ruwaito cewa shimfiɗa ɗaya ta miji ce, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ta Shaiɗan ce. Malamai suka ce abin nufi shi ne abin da ya wuce buƙata, wanda aka ajiye don alfahari. Ku lura ba a hana ta baƙo ba, Hajiya Babba. Sannan Hasanul Basari ya ba da labarin cewa yana yaro yakan shiga ɗakunan matan Annabi (SAW) ya taɓa rufinsu da hannunsa. Sayyidina Umar kuma ya yi kuka da ya ga shatin tabarma a jikin Manzon Allah.

Ma'aunin dai buƙata ce. Gidan Alhaji a 2004 da mutum goma sha biyu yalwa ce. Gidan nan dai da mutum uku ya zama nauyi. Abu ɗaya zan tunatar: gidan zama babu zakka a kansa komai girmansa, haka ginin shagon haya. Amma abin da ya taru a hannu na kuɗi, in ya kai nisabi ya shekara, akwai ɗaya bisa arba'in. A kula da wannan.

Baban Sadiya:
Allah ya gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Ina rubuta kuɗin hayar a littafi daban saboda haka.

Amaryar Tudun Wada:
Malam ya yi bayani. Ni dai abin da zan ƙara, duk wannan ya yi wa Baba sauƙi ne don matarsa ɗaya. Mai mata biyu ko uku kada ya karanta wannan ya ce zai haɗa su a kicin ɗaya da tsakar gida ɗaya da sunan rage kashe kuɗi. Na zauna a haka shekara huɗu, na san abin da na gani. Igiyar shanya kaɗai ta isa ta haɗa faɗan sati. Kowace mace tana da haƙƙin wurinta, ko da ƙarami ne, amma ya zama nata.

Sadiya:
Assalamu alaikum. Ni ce Sadiyar, Baba ya ce in shigo in faɗi ɓangaren Mama tunda ita ba ta cikin zauren nan. Gaskiya Baba ya taƙaita. Sayar da gidan bai ba mu wahala ba kamar kayan da ke cikinsa.

Sati uku muka yi muna fitar da kaya. Akwai wani sito a bayan kicin wanda tun ina firamare nake ganinsa a kulle. Da muka buɗe, kwalla da samira da fanteka ne jere har rufi, wasu ko takardar da aka naɗo su da ita daga kasuwa ba a cire ba. Kayan jeren Mama ne na aurenta, da waɗanda ta riƙa tara mana tun muna yara, sai zamani ya wuce su kafin mu yi aure, mu kuma muka ce tangaran muke so. Kuloli goma sha huɗu muka ƙirga, biyu kawai ake amfani da su. Akwatuna shida na atamfa da leshi. Na ƙasan, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye, muna ɗaga turmin Holan sai ya zube kamar garin tuwo. Turamen da Mama ta ƙi ɗinkawa shekara talatin tana jiran ranar da ta dace.

A nan Mama ta zauna a kan bokiti ta yi kuka sosai. Ta ce ba atamfar take wa kuka ba. Ta tuna wata maƙwabciyarmu da ta taɓa zuwa neman aron zanen fita biki ta ce mata babu.

Bayan ranar ita da kanta ta riƙa rabo. Masu kyau dillaliya ta ɗauka, kuɗin ta sayi 'yan kunne da sarƙa na zinare ta ajiye, ta ce wannan gara ba ta ci. Gadaje uku da katifu da kujeru saiti ɗaya da tukwane aka haɗa wa wasu marayu biyu da aka sa ranarsu babu kayan ɗaki. Abin da ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bayar ba, wata kwalla ce mai murfi, bakinta duk ya ɓantare, wadda kakarmu ta saka mata garin yaji a ciki ranar da aka kai ta. Tana nan a kan kabad a sabon ɗakinta.

Ba zan ɓoye ba, watan farko Mama ba ta son ƙawayenta su zo. Tana jin nauyin su ga inda ta koma. Yanzu ta sake. Ciwon gwiwarta ma ya yi sauƙi tunda babu hawa bene, kuma shara da guga kafin hantsi an gama.

Maman Ummi:
Wayyo Sadiya, kin sa ni hawaye. Wallahi kamar sitona kike kwatantawa. Mu mata a nan aka fi kama mu. Tun yarinya na goye ake fara tara mata kaya, uba ya ci bashi, uwa ta sayar da ɗan filin gadonta, don kada dangin miji su shigo ganin ɗaki su taɓe baki. A jera kujerun da ba su bar wurin shimfiɗa sallaya ba, a cika kicin da na'urorin da babu wutar kunna su. Ku duba auren gata da gwamnatin Kano ta yi a watan Oktoban 2023, ma'aurata 1,800. Me aka ba su? Gado da katifa da 'yan kayan ɗaki da sadaki da ɗan jari. Wato abin da ya tsare dubban mutane daga aure ke nan. Da mun rage wa kanmu wannan gasa, da yawa ba sai sun jira gwamnati ba.

Hajiya Babba:
Maman Ummi, a nan kam zan ja da ke kaɗan. Kayan ɗaki dukiyar mace ce. Iyayenmu da suke jera tasa da kwalla ba hauka suke ba, bankinsu ke nan. Ranar da miji ya gaza ko aure ya mutu, da su mace take tashi. Kada garin rage kaya mu kai yarinya gidan miji hannu rabbana.

Maman Ummi:
Haka ne Hajiya, amma tasar da ta riƙe daraja daban, kujerar yanzu daban. Saitin da aka saya miliyan biyu, bayan shekara uku ko dubu ɗari huɗu dillaliya ba za ta ba ki ba, fatar ta sassaɓe, yayi ya wuce. In banki ake so a yi mata, a ba ta zinare ko fili ko keken ɗinki. Abin da maman Sadiya ta yi ke nan daga ƙarshe.

Ya Falmata:
Daga Maiduguri nake. Daren 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, muna Gwange. Da kayan jikinmu muka fita, ina riƙe da yara biyu, mijina ya goya mahaifiyarsa. Da ruwa ya janye muka koma, duk abin da na tara a shekara goma sha shida na aure ya zama laka. Ba zan ce muku wannan alheri ba ne, wanda ya bayar da kansa daban, wanda aka ƙwace wa daban. Har yau in na tuna hotunan mahaifina sai na yi kuka. Amma abin da na lura, da muka fara sayen kaya daga baya, tukunya uku, katifa, tabarma, risho, bokiti, ban kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na rasa ba na ga gida ya tsaya da ƙafarsa. Sauran ko sunansu na kasa tunawa da aka ce mu rubuta asarar da muka yi.

Malam Na Zaure:
Allah ya mayar muku da mafi alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan ambaliya.

Ya Falmata:
Amin Malam.

Barista:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, shi ne gado. Kaso mai yawa na shari'un da nake tsayawa a kotunan Musulunci a kan gida ɗaya ne da magada da yawa. Babban gida ba ya rabuwa. Mace mai takaba in akwai 'ya'ya tumuni take da shi, ɗaya bisa takwas, in su biyu ne ko huɗu su raba wannan tumunin. Ƙarshenta sai a yi wa gidan kuɗi a sayar, sau da yawa da gaggawa kuma a ƙasa da darajarsa, tsohuwa ta koma ɗakin baya a gidan ɗa ko suruki. Wanda ya bar ƙaramin gida da shaguna biyu ya bar abin da za a iya cewa wane ɗauki wannan, wance ɗauki wancan.

Sai dai gargaɗi ɗaya, don na san wasu za su ce bari su rubuta wa matarsu gidan tun suna raye. Babu wasiyya ga magaji. Kyauta kuma sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya rasu, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, miji ya ba matarsa kyautar gidan da yake zaune a ciki ya ci gaba da zama har ya mutu, wannan kyauta tana iya rushewa. A zauna da malami ko lauya kafin a rubuta komai.

Baban Sadiya:
Barista, kamar ka shiga zuciyata. Niyyata ke nan a kan gidan, ashe da gyara. Zan neme ka ta akwatin sirri. Wataƙila shago ɗaya ya fi dacewa in mallaka mata, ta riƙa karɓar hayarsa da hannunta tun yanzu.

Alhajin Kwari:
Na karanta duka. Har yanzu ina nan a kan cewa ta fuskar lissafi gidan Hotoro zai fi shagunan nan tashi. Amma na yarda ba kowa ne zai iya zama cikin dukiya yana jiran yara su turo kuɗin wuta ba. Ni kaina sama ta gidana shekara biyu ke nan ba mai kwana. Ba zan sayar ba, amma zan kira magini ya fitar mata da matattakala ta waje. Ɗan Kurna, in kana da sana'a ko aiki, yi mini magana ta gefe mu gani.

Ɗan Kurna:
Ina gyaran waya a Farm Centre, Alhaji. Na turo maka saƙo. Allah ya saka da alheri.

Maman Ummi:
Sadiya, don Allah yaya kuka yi kuka samo marayun nan? Yau da yamma na buɗe nawa siton, na fitar da kuloli tara da bargo biyar da saitin tukwane biyu da ban taɓa ɗora su a wuta ba.

Sadiya:
Anti, ta wajen malamar Islamiyyar Mama aka samu, su suka san gidajen da ake da buƙata kuma ba za su iya roƙo ba. Ki tambayi ta unguwarku. Shawara ɗaya, ki aika da daddare a rufe, kada maƙwabta su san daga inda kayan suka fito. Haka Mama ta yi, har yau amaren ba su san ita ba ce.

Hajiya Babba:
Alhaji, yayan naka fa? Kun daidaita?

Baban Sadiya:
Muna gaisawa a waya, Hajiya, amma har yau bai tako gidan ba. Na san ba ƙiyayya ba ce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin makaranta, ranar da muka tare a Hotoro ya fi ni murna, har rago ya yanka. A wajensa gidan nan shaida ce cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba, ni kuma na sayar ban zauna da shi yadda ya kamata ba. A nan na yi kuskure, kuma na faɗa masa. Gobe Juma'a in an sauko daga masallaci zan bi ta gidansa in ɗauko shi a mota. Mai ɗakina ta ce za ta yi masa dambun shinkafa da zogale, shi yake so tun muna yara. Ku taya ni addu'a ya yarda ya shigo.